Ƙoƙon Gado a Teburin Ubangiji

In ka bi hanyar Jiratawa da hantsi, ka gangara wajen gonakin rani, za ka iya tarar da wani tsoho gajere mai faɗin kafaɗa, ya ɗaure ƙotar fartanya a wuyan hannu da igiyar roba yana noma. Shi ne Gado. Yatsunsa sun tafi tun yana saurayi, dungu biyu ne suka rage masa. Amma kada ka kuskura ka yi masa sannu da irin muryar nan ta tausayi. Zai dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ko kai ne ba ka da lafiya.

A Tsibiri aka haife shi, gidan manoman hatsi. Yana ɗan samari wani tabo ya fito masa a baya, ba zafi ba ƙaiƙayi. Tsofaffin gida suka gani, suka san kuturta ce. Ba su kore shi ba, a yi musu adalci. Abin da ake yi a wancan zamani suka yi, wato suka ware masa ƙoƙonsa. Mahaifinsa da kansa ya sa wuƙa a wuta, ya ƙona wa ƙoƙon alama a gefe, baƙin zane kamar sawun kaza, don kada wani yaro ya ɗauka bisa kuskure. Aka rataye shi daban, nesa da randa. In Gado na jin ƙishirwa sai ya miƙo ƙoƙon, a tsiyayo masa ruwa daga sama, moɗar gida ba ta sake taɓa bakinsa ba. Har yau yana cewa yatsun da suka tafi bai yi kukansu ba kamar yadda ya yi kukan wannan alama.

Daga baya wani kawunsa ya ɗora shi a jaki ya kai shi gidan likitan masu irin cutarsa, can bayan Jiratawa. Ya daɗe a wurin yana shan magani har cutar ta mutu a jikinsa, ta bar masa hannayen da ka gani. A can ya shiga addinin Kirista. A can kuma ya haɗu da Tsahara, wadda ta zo jinyar yayarta, doguwar yarinya mai kaifin baki, da ta dube shi ta ce ita ba yatsu za ta aura ba.

Kiristoci suna da wata ibada da suke kira Jibin Ubangiji. Sau ɗaya a wata ake gutsura gurasa a raba, a kuma kurɓi jan abin sha, don tunawa da cin abincin ƙarshe da Almasihu ya yi da almajiransa. A ƙaramar majami'ar da ke Sabon Gari a Maradi ba wanda ya san inda zai samo inabi, saboda haka zoɓo ake dafawa. A wancan lokaci a ƙoƙo ɗaya ake zuba shi, babba, yana zagawa hannu zuwa hannu.

Ranar da Gado ya fara shiga wannan majami'a, bayan an sallame shi, can baya ya zauna, ya cusa hannayensa cikin riga. Sai ga ƙoƙon ya doso layinsu. Ya so ya fita, ƙofa ta yi nisa. Na gefensa ya miƙo masa, ba yadda zai yi, ya tallabe shi da dungu biyu ya kurɓa. Sai ya tsaya yana jira a zo a karɓe ƙoƙon a kai waje a fasa. Wani saurayi ɗan tireda da ke zaune a damansa, Barmo, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai, miƙo mana. Ko shanyewa za ka yi?"

Barmo ya karɓa, ya sa baki daidai inda Gado ya sa, ya sha, ya miƙa gaba. Ko goge bakin ƙoƙon bai yi ba. Gado ya fita waje bayan an tashi, ya jingina da katanga ya yi kuka har ya gode Allah. Tun daga ranar bai canza majami'a ba, duk da akwai wadda ta fi kusa da gidansa. Da jaki ya riƙa zuwa, daga baya da keken wani, yanzu a bayan kabu-kabu, Tsahara na riƙe da shi tana yi wa mai babur faɗan gudu.

Da aka raba gonakin rani a Jiratawa ya samu ɗan yankinsa. Ya yi albasa, ya yi tattasai, ya yi zogale, ya aurar da 'ya'yansa daga wannan ƙasa. Amma kowace damina akwai kunya biyu a bakin gonar da ba ya sa musu komai sai yakuwa. Ita ce ta Jibi. Shi ke nomawa, Tsahara ke tsinka ta shanya, ta dafa ranar Asabar ta tace. Shekara da shekaru duk zoɓon da aka sha a teburin nan daga gonar Gado ya fito, kuma in ka ga yadda yake tafiya ranar Lahadin Jibi, da farar rigarsa, sai ka rantse shi ya gina majami'ar.

Sai ga korona. Aka rufe wuraren ibada na ɗan lokaci, da aka buɗe kuma kowa na tsoron numfashin ɗan'uwansa. Wani ɗan majami'a mai fatauci ya dawo daga Najeriya da wani faranti mai ramuka, kowane rami da ɗan kofin roba a ciki, ƙanana ƙwarai, ko murfin kwalba ya kusa kai su. Kowa ya ɗauki nasa da yatsu biyu, ya kurɓe, ya mayar. Fadila, wata matashiya mai aikin jinya a gidan likita, ita ta tsaya kai da fata a yi amfani da su. Kuma tana da gaskiyarta. Ta ga masu tari, ta ga masu gyambon baki, ta san abin da yawu ke ɗauka.

Ba wanda ya tuna da hannun Gado. Ba mugunta ba ce, sun saba da shi ne har sun daina ganin dungunsa.

Faranti ya iso gabansa. Ya duba, ya ga ɗan kofin ya nutse cikin raminsa, ba inda za a tallaba. Ya gwada da dungu biyu, ya matse shi, ya ɗago shi har ƙirji, sai abin ya suɓuce. Zoɓon da ya noma da kansa ya zube a gaban farar rigarsa, kofin ya gangara ƙarƙashin benci yana ƙara. Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta make ta. Gado ya zauna da jan tabo a ƙirji har aka tashi, bai ɗaga kai ba.

Fadila ta ji abin har cikin ranta. Ta tafi kasuwa ta sayo kofi babba mai kyau, na tangaran, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi don kada ya cakuɗe da na kicin ɗin majami'a. Lahadin da ta zagayo ta durƙusa gaban Gado a bakin ƙofa ta nuna masa, tana murna.

"Baba, ga naka na musamman. Na sa masa alama, ba mai taɓa shi sai kai."

Wayyo yarinya, da ta san abin da ta taɓo. Gado ya dubi jan zaren nan, ya ga sawun kaza a gefen ƙoƙo, ya ga mahaifinsa da wuƙa a wuta. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Aje shi." Daga ranar, in an zo Jibi, sai ya tashi ya fita ya zauna gindin dogon yaro har a gama. Tsahara ta ce tun da mai gidanta ba ya sha, ita ma ba ta sha, kuma wanda ke son zoɓo ya dafa da kansa.

Nan fa magana ta tashi. Barmo, wanda yanzu ya zama dattijon majami'a, ga furfura ga taurin kai, ya ce dama can shi bai yarda da 'yan kofunan nan ba. Almasihu ƙoƙo ɗaya ya ɗauka ya ba almajiransa, bai raba musu murafen kwalba ba. A dawo da ƙoƙo ɗaya ko kuwa shi da mutanensa su koma yin sujada a Tsibiri. Matasa da ma'aikata suka ce su ba za su koma haɗa baki da kowa ba, wanda ke son tari ya je ya nema a wani wuri. Masu ƙoƙo ɗaya suka koma zama a dama, masu kofuna a hagu. Zumuntar mata ta rabe biyu. Akwai surukai da suka daina aika wa juna tuwo a kan wannan magana. Kowane ɓangare kuma da sunan Gado yake yaƙi. Waɗannan su ce dubi abin da kofunanku suka yi wa tsoho, waɗancan su ce ai an sayo masa nasa ya ƙi. Shi kuwa tsohon ba wanda ya je gindin dogon yaro ya tambaye shi.

Fasto Tanimu, saurayi ne bai daɗe da fitowa makarantar horon fastoci ba, ya dakatar da Jibin gaba ɗaya, ya kira taro bayan sujada. Ya ce musu wannan rigima ba a Maradi aka fara ta ba. Wajen shekaru ɗari biyar da suka wuce, a ƙasar Turai, lokacin da kakannin ɗarikarsu suka tashi gyaran ikilisiya, wannan teburi ne ya fi ba su wahala. An yi gardama ko talaka zai sha daga ƙoƙon ko sai limami kaɗai. An yi gardama ko a durƙushe za a karɓa ko a zaune. Manyan malamansu biyu sun taɓa zama don su daidaita, suka yarda da juna a kan kusan komai, sai da aka zo kan gurasar, ɗaya ya ce jikin Almasihu na cikinta, ɗaya ya ce abin tunawa ce. Suka tashi baram-baram, mabiyansu suka daɗe ba sa cin Jibi tare. Fasto ya ce shi dai yana roƙo kada a maimaita wannan a Sabon Gari.

Barmo ya ce, "To ka gani, Fasto. Manyan ma ba su sassauta ba, sai ni?"

Fasto ya dafe kai. Labarin da ya kawo don ya kashe wuta ya zama itace.

Sai aka ji gyaran murya daga baya. Gado ne, ya miƙe, ya fito da hannayensa daga riga ya ɗaga su kowa ya gani.

"Ina da tambaya, Fasto. Malaman nan da sunka yi gardama, cikinsu akwai marar yatsu?"

Fasto ya ce bai ji an faɗa ba.

"Na sani. Da akwai, da sun samu abin yi ban da gardama." Aka ɗan yi dariya, ta farko a wannan wata. Ya juya wajen Barmo. "Kai Barmo, abin da ka yi mini muna samari, kabari kaɗai zai sa in manta. Amma kada ka fasa majami'a da sunana. Yaran nan tsoron cuta suke, ni kuwa na san cuta fiye da kai." Ya juya wajen Fadila, wadda ta sunkuyar da kai. "Ke kuma ɗiyata, ba ki yi don sharri ba. Amma an taɓa ware mini ƙoƙo, anka sa mashi alama. Na sha da shi shekaru. Ba ni sake sha da abin da anka ware mini, ko na zinari ne. Abin da kowa ya sha da shi, shi nake so in sha da shi. In babu, a bar ni gindin itacena."

Fadila ta fashe da kuka. Wani ya tambaya to yaya za a yi, tunda ƙoƙo ɗaya an ƙi, kofunan kuma ba ya iya riƙewa.

Gado ya ce, "Ku ba ni damina ɗaya."

Washegari ya je wurin maƙwabcin gonarsa, Idirisa, Musulmi, wanda ban da noma yana fafe ƙorai yana kaiwa kasuwa. Sun shekara talatin suna faɗa a kan wanda zai fara buɗe ruwa, kuma ba wanda ke cin goro bai gutsura wa ɗaya ba. Gado ya ce yana son irin duma, ƙanana, masu fitar da ƙoƙon da bai wuce tafin hannu biyu ba. Idirisa ya ce tattasai na kuɗi a bana, wane mahaukaci ne zai shuka duma? Gado ya ce shi ne. Ya tuge rabin wurin tattasansa ya zuba irin, Tsahara na tsaye a kansa tana cewa in an rasa na cefane duman zai ci.

Duma ya yaɗu, ya rufe kunyoyi, ya haye zanan Idirisa har sai da aka yi wani sabon faɗan. Ruwa ya yi yawa a tsakiyar damina, wasu 'ya'yan suka ruɓe a ƙasa. Gado ya bi sauran ɗaya ɗaya yana tura musu busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi da dungunsa, gwiwa a cikin laka. A can majami'a kuwa ba Jibi, ga zaman dama da hagu, mutum biyu uku har sun fara tafiya Tsibiri. Fasto ya zo gonar da kansa ya ce mutane na zamewa, ko za a gaggauta? Gado ya ƙwanƙwasa wani duma ya ce bai ƙosa ba, kuma shi bai san yadda ake yi wa duma wa'azi ba.

Da kaka aka cire su, aka shanya har suka bushe suna amo. Idirisa ya zauna da zartonsa yana fafewa, yana kankare cikin. Ya zaɓi wani ƙaton duma daga nasa ya fafe ƙwarya babba ya ɗora a kai, ya ce wannan kyauta ce, kada a ce maƙwabcin Gado marowaci ne. Da ya gama sai ya sa ƙarfensa na zane a wuta.

"Kawo sunayen mutanenku in ƙona wa kowa alamarsa, kada su cakuɗe."

"Fidda ƙarfen nan daga wuta," in ji Gado. "Ko ɗigo kada ka sa wa ko ɗaya."

Idirisa ya dube shi, ya dubi dungun nan biyu, ya janye ƙarfen.

Tsahara ta jiƙa ƙoƙunan a ƙasari har ɗacin sabon duma ya fita. Fadila ta zo Jiratawa da kanta, ta juya su ta duba, ta ce in za a wanke su da sabulu da tafasasshen ruwa bayan kowane Jibi, a kife su a rana, ita ba ta da ja, kuma ita za ta riƙa wankewa. Barmo ne ya tsaya yana ƙunƙuni, wai ƙoƙuna da yawa ai ba ƙoƙo ɗaya ba ne. Gado ya nuna masa babbar ƙwaryar, ya ce a cikinta za a zuba zoɓon duka, a yi addu'a a kanta, daga ita za a ɗebo wa kowa da ludayi a gaban idonsa. Barmo ya zagaya ƙwaryar, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce to, ba don ya yarda ba, don dai Gado ne.

Lahadin farko bayan Kirsimeti aka yi. Majami'a ta cika, har waɗanda suka tafi Tsibiri sun dawo ganin ƙwaf. Aka raba gurasa. Aka jera ƙoƙunan a kan tabarma mai tsabta, Fasto na ɗebowa daga ƙwarya yana zubawa, dattawa na miƙawa.

Abin da Gado ya sani tun ranar da ya shuka irin, sai a lokacin sauran suka gane shi. Ƙoƙo ba shi da mariƙi, gindinsa kuma a kewaye yake, ba a ɗaukarsa da yatsu biyu. Dole ka tara hannu biyu ka tallabe shi, yadda ake karɓar abu daga hannun babba. Mai fataucin da ya kawo faranti ya tara hannu biyu. Malaman lakwal, wato makarantar boko, sun tara. Fadila ta tara, Barmo ya tara yana harare-harare. Gado ya waiga dama ya waiga hagu, ya ga majami'a gaba ɗaya ta riƙe ƙoƙo yadda shi yake riƙewa. Aka miƙo masa nasa, ya zauna daram a tsakanin dungunsa. Fasto ya ce a sha. Ya ɗaga tare da kowa ya sha, ko ɗigo bai taɓa farar rigar ba.

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Da aka tada waƙa, muryarsa ce ta fi ta kowa, ga ta ba daɗi, ba kuma wanda ya hana shi. Tsahara ta rangaɗa guɗa a cikin majami'a, abin da ba a saba ba, matan dama da na hagu suka amsa mata.

Bayan an tashi, Fadila da 'yan mata suka kwashe ƙoƙunan zuwa bayan majami'a, suka wanke, suka kife su a kan zana suna shan rana. Gado ya zagayo ya tsaya a kansu, hannu a baya, kamar mai duba gonar da ta yi kyau. Tsahara ta iso da mayafinta a kafaɗa, ta tsaya gefensa.

"To Malam, wanne ne naka a ciki?"

Ya sunkuya ya duba. Ya bi layin farko da ido, ya bi na biyu, ya dawo. Duk ga su nan farare, wani ya ɗan fi wani faɗi, wani ya ɗan karkace, ba zare ba zane. Ƙoƙon da ya sha da shi yau, a wata mai zuwa ko a bakin Fasto, ko a bakin jikar Barmo.

Ya ɗago, hawaye na bin furfurar gemunsa, yana dariya.

"Wallahi ban sani ba, Tsahara," ya ce. "Ban san nawa ba."